Zuwan farko Kanada: kwana 14 gare mu, ina da ina zan kai Hajiya?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da fatan kowa ya tashi lafiya. Shawara na zo nema wurin waɗanda suka riga mu sanin hanya. 'Yata ta gama karatu a wata jami'a kusa da Toronto, za a yi bikin yaye su a watan Yuni, kuma alhamdu lillahi biza ta fito mana ni da mahaifiyarta. Kwana 14 za mu yi. Ni dai iyakacin tafiyata Saudiyya ce da Dubai.

Yaran gida sun zauna sun rubuto min wuraren da suka ce in ban gan su ba kamar ban je ba: ruwan Nayagara, doguwar hasumiyar Toronto, duwatsun Banf, birnin Bankuba, koren hasken nan da ke wasa a sama da daddare, sai farin beyar mai yawo a kan ƙanƙara. Niyyata in ɗauki hayar mota mu zaga su duka. Tuƙi ba ya ba ni tsoro, na fi shekara 20 ina Kano zuwa Legas da kaina. Matsala ɗaya ce, Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ba ta jure doguwar tafiyar ƙasa. Da wanne ya kamata mu fara?

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya sanya alheri, Ya sa karatun ya amfane ta. Amma yaran nan taswira suka kalla a waya, hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne.

Ni sana'ata ke nan, jan tirela a ƙasar nan. Daga Toronto zuwa Bankuba ta kwalta ya haura kilomita 4,000. Wato Kano zuwa Legas ɗin nan da kake taƙama da ita, sai ka yi ta sau huɗu a jere kafin ka ce ka iso, ba a ma fara maganar komawa ba. Lardin Ontariyo kaɗai, in na tashi daga Toronto na nufi yamma, sai na kwana a hanya kafin in fita daga cikinsa. Daji ne da tafkuna da duwatsu har ido ya gaji. Ƙasar ta ninka Najeriya sau goma da 'yan kai, ita ce ta biyu a faɗi a duniya bayan Rasha, mutanenta kuma miliyan 40 ne da wani abu, mafi yawansu sun tattaru a kudu, gefen iyakar Amurka. In ka ce mota, a kan titi kwana 14 ɗinka za su ƙare, Hajiya kuma ba za ta yafe maka ba.

Maman Iman:
Baba sannu da ɗawainiya, Allah Ya kawo ku lafiya. Bari in fara soke maka guda biyu, don ba kuɗi ne ke hana su ba, wata ne.

Koren hasken nan duhu yake so. Inda aka fi ganinsa can arewa ne, irin su Yellowknife, kuma daga ƙarshen Agusta zuwa Afrilu. A watan Yuni garin nan ba ya yin dare na kirki, rana tana lafawa ne kaɗan ta sake ɗagowa. Hasken yana nan a sama, amma ba ka da duhun da za ka gan shi. Farin beyar kuma a Churchill ake zuwa kallonsa, wani ɗan gari a lardin Manitoba, a watannin Oktoba da Nuwamba, lokacin da suke taruwa a bakin teku suna jira ruwa ya daskare su fita farauta. Garin ko titi bai kai shi ba. Sai jirgin sama, ko jirgin ƙasa daga Winnipeg wanda zai kwana biyu da kai a hanya.

Shawarata ku tsaya a gabas. Toronto, Nayagara, Otawa, Montiriyal, in da sauran ƙarfi ku ƙarasa birnin Kebek. Duk a kan layi ɗaya suke, jirgin ƙasa yana haɗa su. Toronto zuwa Otawa awa huɗu da rabi, Otawa zuwa Montiriyal awa biyu, daga nan zuwa Kebek kamar awa uku. Hajiya ta miƙe ƙafarta, ga banɗaki a ciki, ba mai tuƙi ba mai ɓatan hanya.

Ɗan Kalgari:
Haba Anti. Mutum ya taso tun daga Kano, ya yi kusan yini da kwana yana canza jirgi, sai ki kai shi kallon benaye? Alhaji ya ce ya je Dubai fa. Hasumiyar CN ɗin nan ta Toronto da ake ta kurari, tsawonta mita 553 ne. An buɗe ta a 1976, ta riƙe kambu sama da shekara 30, sai a 2007 Burj Khalifa ta wuce ta tun ana kan gini. Wanda ya riga ya ga yayar, me ƙanwar za ta nuna masa?

Alhaji, abin da Kanada ke da shi wanda ba za ka samu a Dubai ko Makka ko Abuja ba, yana nan yamma. Ka hau jirgi daga Toronto, awa huɗu kana Kalgari. Daga Kalgari awa ɗaya da rabi a mota kana Banf. Shi ne gandun daji na farko da gwamnatin ƙasar ta killace, tun 1885. Kana cikin mota a fili kamar hanyar Haɗejia, sai ka ga duwatsu sun tokare sama a gabanka, kawunansu fari fat da ƙanƙara a tsakiyar watan Yuni. Ranar da na fara kai mahaifina tafkin Louise, tsayawa ya yi ya yi shiru, can ya ce min, "Wane ne ya zuba shuni a ruwan nan?" Ya ɗauka marina ce a sama. Sai da na yi masa bayani cewa tsohuwar ƙanƙarar da ke kan dutse ce take niƙa dutsen a hankali ya zama gari mai laushi kamar bula, ruwa ya kwaso shi zuwa tafki, in rana ta haska sai ya ba da wannan launin tsakanin shuɗi da kore. Bai yarda ba har ya koma gida.

Maman Iman:
Ɗan Kalgari ka faɗi daɗin, ka ɓoye wahalar. Gaya masa kuɗin otal a Banf da bazara. Gaya masa yadda wurin ajiye mota a tafkin Louise ke cika tun gari bai gama wayewa ba. Kuma tafkin Moraine, wanda hotonsa ne yaran suka gani na tabbata, tun 2023 an hana shiga da motar kai. Sai bas, kuma sai ka kama kujera ta intanet tun da wuri. Duk wannan da mai ciwon gwiwa?

Ɗan Kalgari:
Gaskiya ne, ban musa ba. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ba sai an kwana a Banf ba, ana kwana a garin Canmore da ke kusa ko ma a Kalgari a yi sammako. Maganar gwiwa kuwa, tafkin Louise shimfiɗe bakinsa yake, daga inda bas ke sauke mutum zuwa bakin ruwa 'yar tafiya ce, ga bencina. Har masu keken guragu suna zuwa. Akwai kuma keken igiya da ke ɗaukar mutane zuwa kan dutsen Sulphur, minti takwas kana sama, ba ka taka tsani ko ɗaya ba. Ke da za ki kai ta tsohon garin Kebek, kin manta hawa da gangara ne da titin duwatsu?

Ɗan Damagaram:
To, an taɓo mu. Salamu alaikum Alhaji, barka da arziki. Ni a Montiriyal nake, kuma zan faɗi gaskiya ko da ta ci gidanmu: tsohon Kebek yana da wuya ga mai gwiwa. Gari ne hawa biyu, na tudu da na gangare. Akwai wata 'yar lifta mai bin jikin tudu da ke haɗa su, amma duk da haka sai an taka.

Sai dai Bakano bai kamata ya zo ƙasar nan ya koma bai ga ganuwarsu ba. Bafaranshe Samuel de Champlain ne ya kafa garin a 1608, kuma a duk Amurka da Kanada shi kaɗai ne birnin da ganuwarsa ke tsaye har yau, da ƙofofinta. Tsawonta bai kai kilomita biyar ba. Badalar Kano ta girme ta nesa ba kusa ba, tun zamanin Sarki Gijimasu aka aza ta. Amma su tasu ana shafa ta ana lallaɓa ta, UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 1985, mutane suna biyan kuɗin jirgi don su zo su yi tafiya a kanta. Tamu kuwa, ku Kanawa kun fi ni sanin inda ƙasarta ta tafi. Ba gori nake yi ba, mu ma a Zinder abin da ya rage na tamu bai taka kara ya karya ba. Ranar da na hau ta Kebek haushi ne ya kama ni, ba sha'awa ba.

Kusa da garin kuma akwai magangarar ruwa ta Montmorency, mita 83. Ta fi Nayagara tsawo, faɗi ne kawai ba ta da shi.

Baban Khadija:
Ɗan Damagaram ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Ina yaro a kan badala muke wasa. Yanzu shaguna ne a wurin. Amma ni ba na jin Faransanci ko kalma ɗaya, kuma wani abokina ya ce can ba sa son mata masu hijabi. Hajiya kuwa ko ƙofar gida ba ta fita ba hijabi.

Ɗan Damagaram:
Abokinka ya ji ƙamshin magana, bai ji ta duka ba. A 2019 lardin Kebek ya yi doka da ta hana wasu ma'aikatan gwamnati, irin malaman makaranta da 'yan sanda da lauyoyin gwamnati, sa alamar addini a bakin aiki. Dokar ta yi wa 'yan'uwanmu mata ciwo ƙwarai, har gobe ana jayayya a kanta. Amma ba ta shafi baƙo ko mai tafiya a titi ba. Matata da hijabinta take shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kullum. Ka zo titin Jean-Talon, wajen unguwar 'yan Aljeriya da Maroko, za ka rantse a Arewacin Afirka kake: mahauta na halal, gidajen shayi, masu burodi. Turanci kuma a Montiriyal kusan duk mai shago yana ji.

Abu Zarrin:
A dai faɗa masa duka. A birnin Kebek ɗin ne aka shiga masallaci a Janairun 2017 aka kashe mutum shida bayan sallar isha'i.

Ɗan Damagaram:
Haka ne, Allah Ya jiƙan su, biyu daga cikinsu ma 'yan Gini ne. Amma Malam in da wannan za a auna, a garin London na lardin Ontariyo aka bi iyali Musulmi da mota a 2021 aka kashe huɗu. Mugu ba shi da lardi. Kar mu tsorata dattijo da abin da ba shi ne rayuwar yau da kullum ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Wurin zuwa aka tambaya. Wanda ke son muhawarar dokar Kebek ya buɗe nata daban, mun yi ta sau uku a zauren nan ba ta ƙare ba.

Maman Iman:
Yauwa. Abu ɗaya da na san ba mai jayayya a kansa shi ne Nayagara. Kilomita 130 ne daga Toronto, a je a dawo rana ɗaya, amma in da hali ku kwana don da daddare ana haska ruwan da fitilu kala-kala.

Baba, duk hoton da ka gani ƙarya yake yi, don hoto ba ya ɗaukar ƙara. Tun kafin ka ga ruwan kake jin rugugi a ƙirjinka kamar hadarin Agusta da ya ƙi saukowa. Babbar magangarar, wadda ta lanƙwasa kamar kofaton doki, zurfinta wajen mita 57, kuma ɓangaren Kanada ne ke fuskantar ta sosai. Ku ce a sauke ku a Table Rock. Nan za ku tsaya a jikin ƙarfe, ruwan yana wucewa dab da ku, kore shar, santsi kamar gilashi, sai kawai ya karye ya faɗa. Hajiya ba sai ta yi tafiya ba.

In kun shiga jirgin ruwan da ke kai mutane gindin magangarar, za a ba ku jar rigar leda. Na ɓangaren Amurka shuɗiya ake ba su, haka ake gane na wane gefe ne. Rigar nan sunanta kawai riga. Na kai surukata da sabon leshinta da ta ɗinka don tafiyar, muka fito kamar an tsamo mu daga rijiya, tana dariya tana salati a lokaci guda. Har yau in an yi baƙi sai ta ba da labarin. Don haka Hajiya ta sa atamfar da ba ta jin ciwonta, takalmi mara santsi, waya kuma a ƙulle ta cikin leda. Titin Clifton Hill da ke sama kuwa hayaniya ce da wasannin yara da tsadar banza, ga gidajen caca a kusa. Ku wuce abinku.

Direban Tirela:
Ƙari a kan na Maman Iman. Akwai gada a wurin, Rainbow, wadda ta haye zuwa Amurka. Bizar Kanada ba ta shiga Amurka. Wani baƙona ya biye wa taswirar waya ya shiga layin gadar da mota, kuma in ka shiga ba wurin juyawa. Sai da ya sha tambayoyi a can, ya dawo ya sha a nan, yini guda ya tafi. In ka ga allo da tutar Amurka, Alhaji, ka yi nesa da shi.

Ɗalibin Tarihi:
Baba, tunda an zo kudancin Ontariyo bari in jefa nawa, ko da na san ba zai shiga cikin kwana 14 ba. Awa uku daga Toronto ta yamma akwai garin Chatham. A ƙarni na 19 bayin da suka gudo daga Amurka suna tsallakowa nan su zauna cikin 'yanci, har suka kafa ƙauyuka irin Buxton, inda akwai gidan tarihi yanzu. A 1854 wani mutum ya zauna a Chatham mai suna Mahommah Gardo Baquaqua. A Djougou aka haife shi, arewacin Benin ta yau, kan tsohuwar hanyar fataken goro zuwa Gwanja, kuma da bakinsa ya ce mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. An kama shi aka sayar zuwa Barazil, ya tsere daga jirgin ruwa a New York a 1847, ya zauna a Haiti, daga baya ya iso nan. A shekarar da yake Chatham aka buga tarihin rayuwarsa. Wato jikan Katsinawa ya riga mu shan sanyin ƙasar nan da shekara 170.

Bakatsiniya:
Ka ji ko. Kullum mu ne a gaba, Kanawa na biye da kayan koli.

Baban Khadija:
'Yata, shi a ɗaure aka kai shi, ni da tikitina zan je. Amma wallahi labarin ya taɓa ni. Allah Ya jiƙan sa.

Na'ibi:
Alhaji, ni ba wurin kallo zan ƙara maka ba, agogo zan gyara maka, don shi ne ke rikita baƙi a watan Yuni. A Toronto magariba sai wajen ƙarfe 9 na dare, isha'i ta haura 10 da rabi, asuba kuma kafin ƙarfe 4 ta shigo. Nan Edmanton inda nake rana ba ta faɗuwa sai bayan 10. In ba ka rama barci da hantsi ba, kwana uku za ka fara layi. Amfaninsa ɗaya, yini yana da tsawo, kana iya fita bayan la'asar ka yi kallo na awa uku rana tana nan.

Alƙibla kuma ba gabas ba ce sak kamar yadda hankali zai ba ka. A Toronto arewa maso gabas ake fuskanta, a yamma kuwa, irin su Kalgari da Bankuba, ta ƙara karkata arewa sosai. Kar ka yi gardama da manhajar waya, ita ce da gaskiya, duniya ce a mulmule. Ku saka 'yar buta a cikin akwati, banɗakunansu takarda ce kawai.

In Allah Ya kawo ka yamma, masallacin farko da aka gina a Kanada yana nan Edmanton, Al Rashid, 1938. Larabawan Labanan da Siriya ne suka gina shi, matansu ne ma suka yi ta yawon neman gudummawa. Tsohon ginin an ɗauke shi an kai shi wurin adana tarihi na Fort Edmonton. Akwai ma wanda ya fi wannan ban mamaki: masallacin Inuvik, can ƙuryar arewa inda rana ke yin makonni ba ta faɗi ba. A Winnipeg aka ƙera shi a 2010, aka ɗora shi a tirela, sannan a jirgin ruwa, tafiyar kilomita 4,000.

Direban Tirela:
Wannan lodin kam da ni aka ba, da na yi shi kyauta.

Bakatsiniya:
Tunda kowa ya faɗi nasa, bari in faɗi wanda ya fi ci min rai. Baba, don Allah kar ku ɗauko kilishi. Kar ku ɗauko dambun nama, kar ku ɗauko man shanu. Zuwana na farko mahaifiyata ta sa aka yi min kilishi na musamman, aka naɗe shi cikin takarda, aka cusa a tsakiyar zannuwa. Ina tsaye ina jiran akwati sai ga wani ɗan kare da jami'a tana riƙe da shi, ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an aiko shi. Allah Ya taimake ni na riga na rubuta cewa ina ɗauke da abinci, don haka karɓewa kawai aka yi. Ina kallo aka jefa shi a kwandon shara. Da ban rubuta ba, tara tana iya kai wa dala 1,300. Duk abin ci da kuka ɗauko, kuka ce, kuɓewa ce, daddawa ce, yaji ne, ku ce kuna da shi, su duba su yanke hukunci. Haka kuɗi, in sun kai dala 10,000 na Kanada sai an bayyana.

Sannan farashin da ka gani a jikin kaya ba shi za ka biya ba. A Ontariyo ana ƙara haraji kashi 13 cikin ɗari a wurin biya, ba cuta ba ce, ba a kuma ciniki. A gidan abinci in an kawo maka har tebur, ana sa ran tukuici kamar kashi 15 zuwa sama.

Ɗan Kalgari:
A Alberta kashi 5 ne kawai harajin. Ina dai faɗa ne.

Maman Iman:
Kai dai ba ka gajiya. Baba, abinci ba matsala ba ne a Toronto. Titin Lawrence ta gabas a Scarborough da garin Mississauga cike suke da gidajen abinci na halal, har tsire da shinkafa dafa-duka ana samu. A wajen manyan birane ne za ku riƙa tambaya, don naman alade yana ɓuya a miya da wake da ma alewa. Kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya ina roƙon ku, ku sayi inshorar lafiya kafin ku taso. Asibiti kyauta ne ga mazauna, ba ga baƙo ba, kwana ɗaya a gado yana iya cinye kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Maganin gwiwar Hajiya da na hawan jini in akwai, a zo da su cikin kwalinsu da takardar likita.

A Toronto kuma ban ce ku hau hasumiya dole ba. Ku shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran da ke gaban birnin, 'yan mintuna ne, ku zauna a ciyawa ku kalli garin daga nesa. Sai gidan tarihin Aga Khan da aka buɗe a 2014, akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu da kayan fasahar ƙasashen Musulmi, wurin a shimfiɗe yake ba hawa. Otawa yini ɗaya ya isa. Babban ginin majalisa a rufe yake tun 2019 ana gyara, furannin tulif da ake zuwa kallo a watan Mayu suke, kafin ku zo sun zube.

Abu Zarrin:
Ba wanda ya ce komai a kan Bankuba.

Direban Tirela:
Gari ne mai kyau, teku a gaba dutse a baya. Amma awa biyar ne a jirgi daga Toronto, da bambancin agogo na awa uku, ga tsada. Wanda jikinsa bai gama sabawa da agogon Toronto ba, a sake juya shi? A bar shi sai zuwa na biyu.

Baban Khadija:
Jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Jiya da daddare na zauna da biro na tsara yadda Maman Iman ta ce: biki, Toronto, Nayagara, sai jirgin ƙasa zuwa Montiriyal da Kebek in ga ganuwar nan. Na kai wa Hajiya takardar. Ta karɓi wayata ta karanta muhawarar nan tun daga sama har ƙasa, ta sa Khadija ta turo mata hoton tafkin da aka zuba wa shuni. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce ita ganuwa ta gani tun tana yarinya, a Ƙofar Na'isa aka haife ta, ba za ta hau jirgi ta je kallon katanga ba. Ruwan nan take son gani, da wanda ke faɗowa da wanda ke kwance.

Don haka an soke takardata. Kwana takwas a Toronto da Nayagara, kwana huɗu Kalgari da Banf ta jirgin sama, sauran biyun na hutawa da haɗa kaya. Mota kuma na haƙura, Khadija ta ce ko makullin ba za ta bari in taɓa ba.

Ɗan Kalgari:
Allahu Akbar! Hajiya ta yi hukunci. Alhaji ka turo min ranakun ta akwatin sirri yau ɗin nan in kama muku kujerun bas na Moraine kafin su ƙare. Ni zan ɗauke ku a filin jirgi. Ku zo da rigar sanyi mai kauri da safa, don Yunin Banf da asuba ya fi sanyin Jos a watan Janairu, wani lokacin har ƙanƙara tana sauka. In kun ga beyar a gefen titi kuma, daga cikin mota ake gaisawa.

Ɗan Damagaram:
An yi mana magudi, amma ba komai. Ganuwa ta yi shekaru ɗaruruwa tana jira, za ta jira Alhaji.

Maman Iman:
Na sallama, tunda Hajiya ce da kanta. A dai sayi inshorar.

Baban Khadija:
Za a saya in sha Allahu. Saura magana ɗaya. Tun makon jiya na riga na ba da kuɗin kilishi a Agadasawa, na dubu arba'in, Khadija ce ta roƙa. Yanzu ya zan yi da shi?

Bakatsiniya:
Baba ku cinye shi a jirgi kafin a sauka. Abin da ya rage ku raba wa maƙwabtan kujera, ita kuma ku kai mata labari.